DARASI: ZANEN ƊALIBAI DA ƘASAR DA TA RAINE SU



Darasinmu na wannan wata ya taso ne daga wani ɗan abu da ya faru a hutun damina da ya wuce, a wata ƙaramar majami'a ta ƙauye a ƙasar Kahu, cikin Ƙaramar Hukumar Kibiya. Bayan an tashi daga koyarwa sai ruwa ya tsare mu, yara kuwa suka cika wurin da hayaniya. Don a sami shiru, na ciro ragowar takardun da ke jakata na rarraba musu, na ce kowa ya zana mini garinsu yadda ya san shi. Fensir bai isa ba, waɗansu suka ɗebo gawayi daga murhun matar katikis.

Da suka gama, dattawan da suka fake tare da mu suka karɓi takardun suna dubawa. Wani yaro ɗan aji shida ya zana titi mai kwalta, da dogon ƙarfen sadarwar waya, da babur, da gida mai rufin kwano, ba itace ko ɗaya a takardarsa. Wani ƙarami ya zana dutse, ya yi shi babba har ya taɓo saman takarda, awaki suna kwance a gindinsa. Wata yarinya kuwa hanyar da take bi zuwa itace ta zana. Hanyar ta cinye takardar daga wannan kusurwa zuwa waccan, kututture dama da hagu, ita kanta 'yar ƙanƙanuwa can ƙarshe da dami a ka.

Kakanta ya daɗe yana duban wannan zane, sa'an nan ya ɗora yatsa a wani wuri ya ce, "Amarya, kin manta da ɗorawa uku da ke nan, inda muke hutawa in mun dawo daga kasuwar Rano." Yarinyar ta ce, "Kaka, ni ban taɓa ganinsu ba." Tsohon ya yi shiru, can ya ce, "Gaskiyarki. Ɗaya ma da hannuna na sare ta, a shekarar fari, da ba mu da abin da za mu sa a tukunya."

Tun daga ranar nake tunanin wannan magana. Abin da wa'azi da yawa bai fito da shi ba, gawayi da takarda sun fito da shi cikin rabin sa'a. Saboda haka bari mu yi nazari tare a kan abin da zanen ɗalibi yake iya nuna mana game da zamanmu da ƙasar da muke ci daga gare ta.

1. ZANEN DA YA RIGA MU

Kada mu ɗauka zanen ƙasa da dabbobinta baƙon abu ne da ya zo tare da makarantar boko. Gabas da mu, a Birnin Kudu ta Jihar Jigawa, akwai duwatsu masu rumfa, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa, waɗanda mutanen da suka yi zane a jikinsu. Masana sun fara rubuta labarinsu a shekarun 1950. Mafi yawan abin da aka zana shanu ne. Amma wanda ya lura zai ga da yawa cikin shanun ba su da tozo, alhali shanun da Fulani ke kiwo a ƙasarmu yau, Bunaji da Rahaji, duk masu tozo ne. Muturu marasa tozo kuwa, sai an nausa kudu ake ganinsu. Ashe akwai wani irin garke da ya taɓa kiwo a wannan yanki, ya shuɗe, ba mai tunawa da shi, sai hannun wani mai zane da ba a san sunansa ba ya ajiye mana shaidarsa.

Ga darasi na fari ke nan: zane shaida ne. Mai zane yakan ajiye abin da idonsa ya saba da shi, ba tare da ya san wata rana abin zai ɓace ba.

Ko a gidajenmu hannun yaro bai taɓa zama banza ba. Yaranmu suna gina shanu da laka a bakin rafi, suna ƙera mota da karan dawa, 'yan mata suna koyon zanen ƙwarya da saƙar faifai wurin iyayensu. Maƙwabtanmu Musulmi suna da zayyana, adon da ake yi wa allon almajiri sa'ad da ya sauke Alƙur'ani. Magina kuma sun daɗe suna yi wa bangon zaure ado da dagi da sauran siffofi. Duk waɗannan daga ƙasa ake samun kayan yinsu: laka, kara, ƙwarya, kaba, jar ƙasa da ƙaro.

2. ƊALIBAN ZARIYA

Misali mafi girma na abin da ɗalibai suka yi da zane a ƙasar nan, a Zariya ya faru. A 1955 aka mayar da sashen koyar da zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya da Ƙere-ƙere ta Nijeriya daga Ibadan zuwa Zariya. Wannan kwaleji ce ta zama tushen Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Yawancin malaman sashen Turawan Ingila ne, suna koyar da zane yadda ake yinsa a makarantun ƙasarsu. Cikinsu akwai 'yar Nijeriya, haifaffiyar Kano, Clara Ugbodaga-Ngu, wadda ta koyar a can.

A 1958 waɗansu ɗalibai suka kafa ƙungiyar zane ta kansu. Cikinsu akwai Uche Okeke, wanda ya yi ƙuruciyarsa a Kafanchan, da Demas Nwoko, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo. Daga baya aka yi musu laƙabi da 'Yan Tawayen Zariya, ko da yake tawayen nasu bai wuce na alƙalami da fenti ba. Damuwarsu ita ce: ga ƙasa tana shirin karɓar mulkin kai, ga su suna koyon ganin duniya da idon wani. A 1960 Okeke ya bayyana manufar da suka tsaya a kai, wato a ɗauki gwanintar da aka koya daga Turai a haɗa ta da abin da aka gada a gida. Manomi zai gane wannan nan take, gama haka ake auren mangwaro: reshe daga waje yake zuwa, amma saiwar ta gida ce, ita ce ta san ƙasar, ita ke jure farinta.

Sai suka riƙa amfani da hutunsu suna komawa garuruwansu, suna tambayar tsofaffi tatsuniyoyi da adon gargajiya. Suka kuma buɗe ido suka dubi Zariya da kewayenta, ganuwa da soraye, karofi, kasuwa, mahaya da makiyaya. A 1961 Okeke ya yi wani hoto da ya sa wa suna Jumaa. A wannan shekara Onobrakpeya ya zana wani fili da ƙoƙon kai da suri a cikinsa. Abokin karatunsu Jimo Akolo, mutumin Egbe, wanda daga baya ya daɗe yana koyarwa a jami'ar, ya shahara da zanen makaɗan Hausa da mahayan Fulani. Ƙungiyar ta watse a 1961, shekara uku kaɗai ta yi, amma babu wanda zai ba da tarihin zane a Nijeriya yau ya tsallake ta.

Abin da suka koya suna ɗalibai ya bi su har girma. A 1967 Fada Kevin Carroll ya ba Onobrakpeya aikin zana Hanyar Gicciye a majami'ar Waliyyi Bulus da ke Ebute Metta a Legas, shi kuwa ya zana mutanen ciki da fuskoki da tufafi irin namu. Nwoko ya tsara ginin majami'ar Dominikan a Ibadan, yana la'akari da zafi da iskar ƙasarmu da kayan gini na gida. Bayan farin shekarun 1980, Onobrakpeya ya shafe 1985 zuwa 1988 yana wani jerin ayyuka a kan mutanen yankin Sahel da yadda suke zaune da ƙasa mai ƙarancin ruwa. A zamaninmu kuma Farfesa Jerry Buhari, mutumin Kudancin Kaduna, wanda ya yi karatu ya kuma koyar a wannan sashe na Zariya, ya daɗe yana zane a kan lalacewar muhalli.

Mu lura da abu ɗaya. Waɗannan mutane ba su jira sun zama manya kafin su dubi ƙasarsu da idonsu ba. Suna 'yan makaranta suka fara.

3. ƘASAR DA YARANMU KE ZANAWA

To, mu dawo gida. Mece ce ƙasar da yaron Kahu, ko na Tarai, ko na Rurum yake gani in ya fito ƙofar gida?

Da fari akwai duwatsu. Wanda ya taso daga Kano ya biyo ta Bunkure, kafin ya iso Rano zai ga manyan duwatsu sun taso daga shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. A gindin irin waɗannan duwatsu kakanninmu suka fi son kafa gari, domin a nan ake samun mafaka lokacin yaƙi, a nan kuma ruwa yake taruwa. Rano tana cikin Hausa Bakwai, kuma labarin gargajiya yana kiran Kano da Rano sarakunan baba, saboda noman baba da rini. Yaron da ya zana dutse har ya taɓo saman takarda bai yi kuskuren awo ba. Yadda dutsen yake a zuciyarsa ya zana.

Na biyu akwai ruwa. A zamanin Gwamna Audu Bako aka gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano, aka gama ta a 1974. Daga nan ruwa yake bi ta babbar magudana, ya ratsa ta Ruwan Kanya, ya kai gonakin Kadawa da Kura da Bunkure, inda ake noman shinkafa da alkama da tumatir da rani. Ba mai musun alherin da wannan ya kawo. Amma an tashi dubban mutane daga ƙauyukansu da gonakinsu kafin tafkin ya cika, kuma can ƙasa, a fadamun Haɗeja da Nguru, ambaliyar da masunta da manoma da makiyaya suka dogara da ita ta ragu, ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa da yawa. Ruwa ɗaya, riba a nan, hasara a can. Wanda aka haifa bayan 1974 yana ganin tafkin kamar tun fil azal yake nan.

Na uku akwai itatuwan gona. Manomin Hausa bai taɓa share gonarsa ƙwal ba. Yakan bar ɗorawa saboda kalwa da daddawa da makuba, kaɗanya saboda man kaɗe, kuka saboda miya, tsamiya saboda kunu. Yakan bar gawo, wanda halinsa ya bambanta da na sauran itatuwa: da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya tare wa gero rana, ganyen ya zama taki, da rani kuma ya yi kore ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya. Kowace irin itaciya da dalilin barinta. Wannan ilimi ne da ba a rubuta ba, daga baki zuwa kunne yake tafiya, yaro yana bin ubansa gona.

Sai farin 1972 zuwa 1974 ya zo, na 1983 da 1984 ya biyo baya. Jama'a ta ƙaru, gonaki suka rarrabu wurin gado, birni yana neman itace da gawayi kullum, masu gini suna neman yashi da tsakuwa. Tsofaffin itatuwa suna faɗuwa, ƙananan da za su gaje su awaki da garma ba su bari su tashi. Wannan ce doguwar hanyar da yarinyar nan ta zana. Kowace ɗorawa da ta faɗi, tafiyarta ce take ƙaruwa, lokacin karatunta ne yake raguwa.

Amma kada mu yanke ƙauna. A ƙasar Maraɗi, Hausawa 'yan'uwanmu sun ga abin da ya fi wannan muni. Daga wajen 1983 manoma suka fara abin da suke kira sassaben zamani: maimakon a ƙone tohon da ke fitowa daga kututture, sai a zaɓi rassa masu ƙarfi kaɗan a bari, a datse sauran, a kiyaye su har su zama itace. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya an maido da itatuwa wajen miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Kututturen da yarinyarmu ta zana, da yawansu saiwarsu tana da rai.

4. YADDA AKE KARANTA ZANEN YARO

Iyaye da malamai sukan dubi zanen yaro su ce ya yi kyau ko bai yi ba, su wuce. Wannan kamar mutum ya karɓi wasiƙa ne ya yaba rubutun, bai karanta saƙon ba. Ga tambayoyin da ya kamata mu yi.

Me ya fi girma a takardar? Yaro ba ya bin ma'auni, abin da ya fi nauyi a ransa shi yake girmamawa. In rijiya ta fi gida girma, sai mu tambayi kanmu sa'a nawa yake yi a bakinta.

Me ya ɓace? Yaron da ya zana gari ba itace, ko dai idonsa ya daina ganinsu, ko kuma a tunaninsa ci gaba shi ne wurin da aka kawar da itace. Daga wa ya koyi haka? Ba shi da laifi da ya so titi da wutar lantarki, dukanmu muna so. Aikinmu shi ne mu nuna masa cewa kwalta da inuwa suna iya zama gari ɗaya.

Su wa ke ciki, me kuma suke yi? Mu duba ko akwai makiyayi a zanen, a ina aka ajiye shi, kusa ko can gefe, da sanda ko da makami. Daga nan za mu san irin maganar da ake yi a gidajenmu game da maƙwabtanmu. Burtalin da aka cinye da gona, yaro yakan san wurinsa sarai.

Wane lokaci ne na shekara? Yaran da yawa damina suke zanawa, gona kore shar. Wanda ya zana rani, da ƙura da busasshen rafi, a zauna da shi a ji abin da zai faɗa.

Bayan haka, kada a gyara wa yaro zanensa da hannun babba. A ce masa, "Ba ni labarin wannan." Sau da yawa abin da zai faɗa ya fi abin da ya zana.

5. AMSA GA MASU SHAKKA

Na san wani uba zai ce, "Fada, zane wasa ne. Ni lissafi da Turanci na kai shi ya koya." Amsata ita ce, yaron da ya koyi duban ganyen gawo har ya zana shi daidai, ya koyi natsuwa da lura, su ne kuwa tushen kowane ilimi. Mai tsara gini, da mai awon fili, da malamin gona, da mai ɗinki, da likita, duk da ido da hannu suke aiki. Manhajar firamare ta tanadi darasin zane da al'adu, sai dai a makarantu da yawa na karkara shi ne darasin da ake fara yarwa in malamai sun yi ƙaranci.

Wani kuma zai ce, me ya haɗa wannan da bangaskiya? Littafin Farawa, sura ta 2, ya nuna mana cewa daga ƙasa aka siffata mutum. A harshen Ibrananci ma sunan Adamu da kalmar ƙasar noma, adama, tushensu ɗaya. An ba mutum gona da aiki biyu, noma da kiyayewa, aka kuma kawo masa halittu ya raɗa musu suna. Wanda bai san sunan abu ba, da wuya ya kiyaye shi. Ku gwada yaranku yau: itatuwa nawa za su iya kira da sunansu? A 1979 Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya naɗa Waliyyi Faransis na Asisi majiɓincin masu kula da muhalli, a 1999 kuma ya rubuta wasiƙa ta musamman ga masu zane da sauran masu fasaha. A 2015 marigayi Paparoma Faransis ya fitar da wasiƙarsa Laudato Si', inda ya koyar cewa lalacewar ƙasa da wahalar matalauta matsala ɗaya ce, domin talaka ne yake fara ɗanɗana ta.

Saboda haka ba mu yi wannan darasi don mu hukunta tsohon da ya sare ɗorawa ba. Yunwa ce ta riƙe gatarin tare da shi. Matar da ke dafa tuwo da itace ba ta da kuɗin gas. Amma furcin da ya yi a gaban jikarsa abin girmamawa ne, gama gyara daga faɗin gaskiya yake farawa.

6. AIKIN DA ZA MU YI

Ina roƙon katikis, da malamai, da Zumuntar Mata, da shugabannin matasa, su gwada waɗannan ayyuka huɗu tare da yara. Ba a bukatar kuɗi. Bayan tsohuwar kalanda ko kwalin sabulu ya isa takarda. Gawayi yana ba da baƙi, jar ƙasa da karan dafi ja, gangamau rawaya, baba shuɗi, farar ƙasa fari. A jiƙa ƙaro a gauraya don launi ya kama. Tsinken da aka tauna bakinsa ya zama buroshi. Ta haka yaro zai zana ƙasarsa da ƙasarsa.

Na ɗaya, taswirar gari. Yara su haɗu su zana garinsu a babbar takarda ko a ƙasa: gidaje, rijiyoyi, rafi, dutse, burtali, makabarta, masallaci da majami'a, da kowace babbar itaciya da sunanta.

Na biyu, da da yanzu. Kowane yaro ya zauna da kakansa ko wata tsohuwa, ya zana wuri ɗaya sau biyu, yadda yake yau da yadda tsohon ya san shi yana yaro. Hausawa sun ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. To, ga hanyar da babba zai ara wa yaro idonsa. A gaggauta wannan, domin waɗanda suka san ƙasar kafin Tiga da kafin fari suna ƙarewa.

Na uku, itaciyata. Kowane yaro ya zaɓi itaciya ɗaya, ko kututture mai toho, ya zana ta da bazara, da damina, da kaka, da rani. Ya tambayi amfaninta ya rubuta a ƙasan zanen. Yaron da ya zana abu sau huɗu ba zai so ya ga akuya ta cinye shi ba.

Na huɗu, hanyar ruwa. Bayan an ɗauke ruwan sama, a fita da yara su bi inda ruwa ya bi, su zana inda yake zaizayar ƙasa da inda yake kwanciya. Manya su dubi zanen su yanke shawarar inda za a jera duwatsu ko a dasa gamba.

Ranar godiyar kaka, sa'ad da muke kawo dammunan dawa da kwandunan gyaɗa, a liƙa zanen yaran a bangon waje. A gayyaci mai unguwa, da malaman makaranta, da maƙwabta Musulmi, da ardon Fulani in yana kusa, gama ƙasar ta dukanmu ce, zaizaya kuma ba ta tambayar addinin mai gona. Kada a ba da kyautar na ɗaya da na biyu. A bar kowane yaro ya tsaya kusa da nasa ya yi bayani. Bayan biki katikis ya rubuta sunan gari da shekara a bayan kowace takarda, a adana su a akwati inda gara ba za ta kai ba. Bayan shekara ashirin za su zama abin da Dutsen Habude ya zama mana.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Waɗanne itatuwa, ko tafkuna, ko dabbobi ne ka sani kana yaro waɗanda 'ya'yanka ba su taɓa gani ba? Me ya kawar da su?

2. A gidanku wa ke zuwa itace da ɗiban ruwa? Tafiyar ta ƙaru ko ta ragu cikin shekara goma da suka wuce?

3. Ɗaliban Zariya sun haɗa ilimin waje da gadon gida. Wane ilimin noma na iyayenmu ne ya kamata yaranmu su riƙe tare da na makaranta?

4. In yaranmu suka zana maƙwabtanmu makiyaya, yaya za su zana su? Daga bakin wa suka ji?

5. Wane aiki ɗaya ne majami'arku za ta iya yi kafin damina mai zuwa?

Game da tsohon nan da jikarsa, da na koma ƙauyen bayan kaka na tarar ya jiƙa kalwa ya shuka a tsofaffin ledoji a bayan rumbunsa. Bakwai sun tsiro. Ya ce mini ba zai ci daddawarsu ba, ya san haka, amma yarinyar ce take ba su ruwa, ta kuma riga ta zana su, ganye huɗu huɗu.

Ubangiji ya albarkaci gonakinku da 'ya'yanku. Amin.